Darussa kan motsa jiki da ciwon kwankwaso ga mai juna biyu

Babban darasin da kula da masu juna biyu ke koyarwa shi ne, yawan kwanciya ba ya maganin ciwon baya, sau da yawa ƙara shi yake yi. Tun farkon ciki sinadarin rilaksin, wanda jiki ke samarwa, yake sassauta jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ƙugu. Ciki na girma, tsokar ciki na miƙewa tana rasa ƙarfi, nauyi ya rinjaya gaba, kwankwaso ya ƙara lanƙwashewa. Tunda ɗaurin ya saki, aikin riƙe gaɓoɓin ya ƙara komawa kan tsoka, ita kuwa tsokar da ba a motsawa saki take yi.

A nan ake yawan kuskure. Mace ta ji ƙugu ya ɗaure, sai ta dage da ware ƙafafu tana miƙa. Alhali gaɓar da ta riga ta saki, ƙarfi take nema. Wajen mai ciki ɗaya cikin 5 tana fama da ciwon ƙashin ƙugu, kuma abin da ya fi tayar da shi shi ne ɗora nauyi a ƙafa ɗaya: sa sutura a tsaye, hawa bene da sauri, fita daga mota ƙafa ɗaya kafin ɗaya. Ki zauna ki sa kaya. Ki haɗe gwiwoyi in za ki juya a gado, ki sa filo tsakaninsu in kin kwanta.

Motsin da ya fi amfani ba shi da wuya. Ki jingina da bango, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ki ja cibiya ciki har kwankwasonki ya manne da bangon. Ki riƙe daƙiƙa 4, ki saki, sau 10. Sannan ki durƙusa kamar mai rarrafe, hannaye daidai kafaɗu, gwiwoyi daidai ƙugu, ki ɗaga bayanki sama a hankali, ki dawo da shi ya miƙe. Kada ki bari ya lotsa ƙasa, nan ne ciwon ke shiga. Tsokar ƙasan mara kuma ki matse ta kamar mai riƙe fitsari da iska lokaci guda, har zuwa daƙiƙa 10, sau 10, sau 3 a rana. Da yawa sukan riƙe numfashi ko su matse cinyoyi, su ɗauka sun yi. In numfashi ya tsaya, tura ƙasa kike yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba da shawarar minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya ko iyo, gwargwadon yadda za ki iya magana kina yi. Amma fa kada a yi wa kowa alkawarin ƙarya: motsa jiki ya fi rage tsananin ciwon a kan hana shi zuwa gaba ɗaya.

Bayan mako 16 a daina daɗewa a rigingine, domin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jiri ya biyo. Mai hawan jinin ciki, ko wadda mabiyiya ta sauko mata ƙasa, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, kada ta yi motsa jiki sai da izinin likita. Zubar jini ko ruwa, ciwon ƙirji, kumburin sharaɓa ɗaya, ciwon baya mai zuwa yana tafiya kamar naƙuda, ko wanda ya haɗu da zazzaɓi da zafin fitsari, a dakata a tafi asibiti a ranar.