Abin da na koya wurin mafarautan beyar a Montana

Karatun kula da namun daji ne ya kai ni jihar Montana ta Amurka, kuma cikin aikin fili da aka ɗora mana har da bin mafarautan baƙin beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi, a lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa. Ana buɗe wannan farauta ranar 15 ga Afrilu, a rufe a ƙarshen Mayu ko tsakiyar Yuni, gwargwadon yanki. Ni littafi da biro nake riƙewa, bindiga tana hannun masu lasisi.

Abin da na fara ganewa shi ne, mai neman beyar a wannan lokaci ciyawa yake nema. Dabbar ta shafe watanni kwance a rami ba ci ba sha, ta fito a rame. Ɗanyar ciyawa da sabon toho take bi, su kuwa sun fi saurin fitowa a gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugu, da gefen tsofaffin hanyoyin masu yankan katako. Shi ya sa gwanaye ke fara zagaye tun kafin ranar buɗewa: ina ƙanƙara ta janye, ina aka ga sawu, kashin da aka tarar sabo ne ko ya bushe. Sauran aikin zama ne. A sami tudu, a kafa madubin hangen nesa, a yi ta duban gangaren da ke tsallake har magariba. Dokar Montana ta hana ajiye abinci don jawo beyar, ko da yake a wasu sassan maƙwabciyarta Idaho an halatta.

Iska ma sai da na koye ta. Ganin beyar ba wani abin a zo a gani ba ne, amma hancinsa ba ya kuskure. Da hantsi iska mai ɗumi hawa dutse take yi, da yamma ta huce ta gangaro kwari. Wanda bai lissafa wannan ba, warinsa zai riga shi isa.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne tantance abin da ke gabanka. Sunan baƙin beyar yana ruɗarwa, don akwai masu launin ƙasa-ƙasa, har da jajaye. A dazuzzukan nan kuma akwai babban beyar da ake kira girizili, wanda dokar tarayya ta sa cikin dabbobin da ake karewa tun 1975. Ana gane shi da tozo a kafaɗa kamar na bijimi, da fuska mai lotsawa, da dogayen farata. Sai mutum ya ci jarrabawar bambance su kafin a sayar masa da lasisi.

Sannan ga maganar uwa da 'ya'ya. A cikin rami ake haifarsu, wajen Janairu ko Fabrairu, kuma dokar jihar ta haramta harbin macen da ke tare da su. Matsalar ita ce uwar takan kora su bisa bishiya ta fito kiwo ita kaɗai. Wani dattijon maharbi da na bi yakan daɗe ƙwarai yana kallon dabba ɗaya kafin ya taɓa bindiga, sau da yawa ma ya naɗe kayansa mu koma gida hannu rabbana. A kan wannan batu ne masu zaɓe a jihar Colorado ta Amurka suka soke farautar wannan lokaci a 1992, lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 1999, kafin ya dawo da ita a matsayin gwaji a 2014. A ganina masu adawar suna da hujja, don ba kowane mai lasisi ke da haƙurin dattijon nan ba, kuma ɗan da aka kashe uwarsa a Mayu da wuya ya kai labari.

Namu aikin yana zuwa ne bayan harbi. Mukan cire wani ɗan ƙaramin haƙori da ke bayan fiƙa, a aika ɗakin bincike, a yanka saiwarsa a ƙirga zobban da ke ciki, kowane zobe shekara guda. Da shekarun da jinsin dabbobin da aka kawo ake auna halin da suke ciki a daji. In aka ga mata sun yi yawa cikin abin da ake harbewa, ko kuma tsofaffin maza sun yi ƙaranci, alama ce farautar ta fara yi wa yankin yawa, sai hukuma ta sake duba tsawon lokacin da ta ware.