Katunan besbol ɗin da maƙwabcina ya bar min

Tun zuwana Bronx a birnin New York ban taɓa damuwa da besbol ba, duk da filin ƙungiyar Yankees na nan kusa da mu, sai da wani dattijo maƙwabcinmu zai tashi ya miƙo min kwalin takalmi cike da katunan 'yan wasan besbol na kamfanin Topps na 1987, masu gefe kalar katako ɗin nan, ya ce in na ga dama in zubar. Toh ni kuma ba na iya zubar da abu.

Na sayo leda mai aljihu tara-tara, don girman kati tun 1957 inci 2 da rabi ne da 3 da rabi, tara ke cika shafi cif. Saitin 1987 kati 792 ne, ka raba da tara zai ba ka shafi 88 babu ragi, wlh wannan lissafin kaɗai ya sa na ji daɗin aikin.

Da farko kulob-kulob na jera, ƙungiyoyi 26 kowacce da sashenta, ina ganin ni ne mai wayo. Kwana biyu na gane na ɗebo ruwan dafa kaina, don akwai katunan All-Star, wato zaɓaɓɓun taurarin 'yan wasa, akwai na waɗanda suka kafa tarihi, akwai na cekilis, wato masu jerin sunayen katunan saitin, da ba su da ƙungiya ko ɗaya, kuma mafi muni ba ka sanin me ya ɓace maka, duk sanda ka samo sabon kati sai ka zare na gaba ka matsar da su ɗaya bayan ɗaya kamar sahun masallaci an ce a gyara. Masu bin ƙungiya ɗaya tsawon shekaru wannan tsarin ya dace da su, ban ce komai ba, amma mai son cika saiti ya bi lambar da ke bayan kati kawai, inda babu ya bar aljihun wayam. Ramin nan shi ke gaya maka abin da za ka nema. Barry Bonds lamba 320 ne, wato shafi na 36 aljihun tsakiya, wata uku ina buɗe shafin nan ramin yana kallona kafin na samo shi a wani shagon kati. Kuma a jerin lamba ne za ka lura Topps na ba manyan 'yan wasa lambobi masu sifili, Pete Rose 200, Reggie Jackson 300, Don Mattingly 500.

Wani ramin kuma ba ya cikuwa fa. Bayan rasuwar tauraron Yankees Mickey Mantle a 1995 Topps ta yi shekaru ba ta ba kowa lamba 7 a sababbin saitocinta, saboda ita ce lambar rigarsa, sai ka ga sabon shiga yana ta nema har ya gaji.

Kuskurena na biyu fayil ne. Na sayi mai arha mai zobba zagaye, na cusa shafi 88 duka, ashe in ka rufe zoben yana danne katunan layin ciki, na tarar da katin Bo Jackson lafiya lau amma na kusa da zobe duk sun yi shatin lotsawa. Sai da aka ce min in nemi mai zobe irin harafin D, kuma in raba saitin gida biyu. Tsohuwar leda mai wari ɗin nan ta PVC ma a guje ta, tana lalata kati.

Wasu na sa kati biyu baya da baya a aljihu ɗaya don tsimin leda, ni kam a'a, bayan katin ne ke da alƙaluman ɗan wasa, shi nake karanta wa ɗana da dare. Na 1952 kuma sun fi girma sai leda mai aljihu takwas, amma wannan ba matsalata ba ce tunda katin Mantle na wannan shekarar an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022. Ni dai saura kati 14 in cika nawa.