Wa'azin waya ba ya zuwa ta'aziyya

Ƙannena, lokacin da nake karatu a Jos, masu wa'azin Amurka ne malamaina, a YouTube. Na kwaikwayi muryarsu har da yadda suke riƙe makirfo, na fara jin kunyar sujadar Hausa ta ikilisiyarmu a ƙauye. Littafin Waƙoƙi ya zama mini kayan tsofaffi. In Zumuntar Mata suka tashi da tulu da caki, sai in sunkuya ina latsa waya.

Daga can na kwaso cewa bangaskiya tsakanina da Allah ce kawai, babu ruwan kowa. Sai na bar addu'ar safe, na riƙa sauya majami'a kamar mai zagayen kasuwa, duk inda kiɗa ya fi daɗi nan za ka same ni. Wanda ya fi ci mini rai shi ne zancen "shuka iri". Kuɗin maganin mahaifiyata na taɓa turawa ga wani mai wa'azi da bai san sunana ba, wai zai dawo ninki ɗari. Ba ta ce mini uffan ba, ƙanwarta ce ta sayar da akuya.

Kada ku ɗauka Turawa nake zagi. 'Yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, biyun farko suka rasu a 1894, daga aikin ƙungiyar mishan ɗin da suka fara, wato SIM, kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ma da hannun Dokta Walter Miller na Zariya a ciki. Waɗancan sun san ɗaukar gicciye na Luka 9:23. Abin da nake ƙi shi ne addinin ɗan kallo, wanda babu mai tsauta maka a cikinsa.

Wanda ya dawo da ni hanya wani dattijo ne mai koyar da ajin baftisma, ko Turanci ba ya ji. Bai yi mini gardamar tauhidi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, yaushe rabonka da gaida kawunka?" Daga nan ya riƙa jana zuwa asibiti dubiya, da gidajen makoki, da gayyar noma a gonar wata gwauruwa.

Ku nemi irinsa, wanda ya san gidanku, ku yarda ya faɗa muku abin da ba kwa so ku ji. Kafin ku tura wa wani baƙo kuɗi kuma, ku tambayi mai bisharar ƙauyenku yaushe rabonsa da albashi.