Wasiƙa daga Minneapolis: kiɗan nan da kuke ta tambayata a kai

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya alhamdulillah.

Tun ranar da na ɗora guntun kiɗan jitar nan da na ji a rediyon ɗalibai a status ban huta ba. Ƙanena ya tambaya, abokan sakandare sun tambaya, har Kawu da ba ruwansa da sabgar waƙa ya aiko min da saƙon murya wai wace irin hayaniya ce nake ji a Amurka, ko jitar ce ta lalace. To Kawu Allah ya ja da ranka, jitar lafiyarta ƙalau, haka suke son ta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya samu, in taɓa maganar abinci ma tunda shi ma ana yawan tambaya.

Sanyi ne ya haɗa ni da kiɗan. A watan Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma mun yi magariba, a Janairu kuwa akwai ranakun da sanyi ke wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, ka fito ka ja numfashi ka ji gashin hancinka ya daskare, gemu ya yi fari da ƙanƙarar numfashinka, wayar da ka fito da ita da caji ta mutu a hannunka kana jiran bas. Jami'ar Minnesota kogin Misisipi ne ya raba ta biyu, gadar da ɗalibai ke bi sai da aka yi mata rufaffen lungu a tsakiya saboda iskar kan kogin. Duk wanda ke kuka da hunturun Jos ya gode wa Allah. Amma wallahi shirun ya fi sanyin damuwa a wurina. Ba ƙarar babur, ba mai tallan ƙosai, ba yara a layi, ba maƙwabcin da zai ƙure rediyo ka ji labaran rana kyauta. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa sai ƙarar hita kawai. A haka na fara kunna wata tsohuwar rediyo da abokin zamana ya ajiye a kicin, ita kuma kullum a tasha ɗaya take, Radio K, ta ɗaliban jami'ar.

Nan ƙasar jami'o'i da kwalejoji da yawa suna da gidan rediyonsu, kuma ɗalibai ne ke riƙe da makirfo. Hukumar sadarwarsu ta ware farkon layin FM, daga 88.1 zuwa 91.9, ga tashoshin da ba na kasuwanci ba, shi ya sa yawancinsu can gefen hagu suke. Ita Radio K tana da layin AM a 770, kuma abin da ya ba ni mamaki, da rana ta faɗi sai a kashe shi, a ci gaba a FM da intanet, saboda da dare zangon AM na tafiya da nisa zai shiga wa wata babbar tasha ta New York da ke kan lambar. Nan take na tuna yadda tsofaffinmu ke kama Rediyon Kaduna tar da dare a garuruwan da da rana sai shuuu.

Kiɗan da suke sawa iri biyu ne a cakuɗe. Akwai sababbin yara da suke kira indie, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, irin su Wednesday daga North Carolina, Alvvays daga Toronto, Horsegirl daga Chicago, da wasu na cikin garin nan da ko mutum ɗari ba su san su ba. Sai tsofaffin da ake kira alternative, su R.E.M. da suka haɗu a garin Athens na jihar Jojiya a 1980, su Pixies, su Sonic Youth, da 'yan gida The Replacements da Hüsker Dü. Waɗannan a zamaninsu manyan tashoshi ba su kula su ba, rediyon ɗalibai ne ya yi ta juya su har duniya ta waiwayo. Nirvana ma kafin faifansu na 1991 ya fashe, tashar jami'ar Washington da ke Seattle, KCMU wadda yanzu ta koma KEXP, tana cikin na farkon da suka sa su. Da farko kunnena bai karɓa ba, jita na ƙugi kamar injin niƙa, mai waƙar kamar bai damu ya gyara murya ba, amma da na yi sati biyu sai na fara jin ɗan zaƙin da ke kwance a ƙarƙashin ƙugin, da kuma cewa yaron gaskiyarsa yake faɗa, kuɗin haya, kaɗaici, garin da ya baro. Ni kuma lokacin abin da ke cina kenan.

Wani ɗan ajinmu yana da shiri a tashar wata ƙaramar kwaleji da ke kusa, ƙarfe 12 zuwa 2 na dare, ya ce in raka shi. Jama'a na zata zuwa kawai ake a danna waƙa. Ashe takardu ne. Duk farkon awa dole ya faɗi haruffan sunan tashar da garin da aka ba ta lasisi, ba ragi ba ƙari, ya rubuta lokacin da ya faɗa. Duk waƙar da ya sa sai ya shigar a kwamfuta, sunan mawaƙi, sunan faifai, kamfani, saboda da wannan ake lissafin haƙƙin masu waƙa. Kowane sidi a kan kanta akwai 'yar takarda manne a jiki, wani ɗalibi ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe ya rubuta da biro ra'ayinsa da lambobin waƙoƙin da ke da ashar, don daga 6 na safe zuwa 10 na dare in batsa ta fita a iska ana iya cin tarar tashar. Na ɗauko wani sidi takardar jikinsa har ta yi rawaya, rubutun mutum uku daban-daban a kai, na farko ya yaba, na biyu ya ƙaryata shi, na uku ya zo bayan shekaru ya raba gardama. Talla irin ta kasuwa babu, sai dai a ambaci wanda ya tallafa, kuma lokaci-lokaci su roƙi masu sauraro gudummawa. Shi abokin nawa ko sisi ba a biyansa, yakan yi tuntuɓen harshe, wani lokacin ya bar iska shiru na daƙiƙa uku yana neman maɓalli, ba wanda ya kore shi. A awa biyun nan mutum ɗaya ne ya bugo waya, wani direban babbar mota, ya tambayi sunan waƙar da ta wuce, abokina ya yi ta murna har muka fito.

A daren ne abin da ya sa na ɗora status ɗin ya faru. Bayan wata tsohuwar waƙar Pixies sai ya sa wani faifai, jita ta shigo da gudu, tafi da ganga suna binta, na ji tsigar jikina ta tashi don kunnena ya san wannan takun tun ina yaro. Na ce wane ne wannan, ya ce Mdou Moctar, daga Nijar. Buzu ne, da Tamashek yake waƙa, kuma kamfanin Matador, wanda ya fito da su Pavement, shi ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Faifansa na farko kuwa a Sakkwato aka ɗauka a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin fim ɗinmu, ya yi ta yawo a memori daga waya zuwa waya. Ga ni cikin ƙanƙara, ƙarfe 1 na dare, yaro ɗan shekara 20 da bai taɓa taka Afirka ba yana ba ni labarin Agadas da Bombino, wani makaɗin jita na can. Na ce masa ai maƙwabtanmu ne, muna sayen cuku a hannunsu. Idona ya ciko, ban ɓoye ba.

Tun daga nan nake tunanin ƙannenmu da ke jami'o'in gida, tunda mu ma muna da tashoshin harabar makaranta, kamar ta Bayero a Kano. Yaron da ke haɗa waƙa a ƙaramin situdiyo a Zariya ko Maraɗi, ba shi da ubangida ba shi da kuɗin biyan mai gabatarwa, ina zai kai faifansa a saurara tun daga farko har ƙarshe? Nan ambulan kawai ake sawa a aika wa ɗalibai. Kuma sabo da tsoho a jere suke sa su, yadda za ka ji wa ya sha a nonon wa. Ina ma a ce akwai awa biyu a sati da ɗalibi zai sa Shata ko Ɗan Maraya Jos, ya bi shi da wata yarinya mai gurmi ko yaro mai jita da ba wanda ya sani, ya faɗi sunansa sarai sau biyu, ya rubuta a littafi. Ƙanena, kai da ke karanta aikin jarida, ka je ka nemi fili ko na tsakar dare ne, su ma nan da shi sabon shiga ke farawa.

Abinci dai akwai naman halal a shagunan Somaliyawa na unguwar Cedar-Riverside, daddawa ce babu. Haya kuwa sai wata wasiƙar. Abokina ya ce in kawo masa kiɗan gida zai ba ni minti 20 a shirinsa, don haka duk mai tsohon kaset na kukuma ko kalangu mai sauti da kyau ya turo min kafin ƙarshen wata, da cikakken sunan makaɗin da garinsu, don sai an shigar da su a kwamfuta.

Ku gaida su Hajiya.