Dalmar da na narka a tsakar gidana

Ranar Asabar na bi ta kasuwar Katako neman ƙyauren ƙarfe, sai na tarar da wani yaro, bai fi shekara 18 ba, ya fasa batirin mota da gatari, ya tuntsurar da ruwan a kwata, ya ɗora dalmar bisa gawayi. Fuskarsa cikin hayaƙi, kunnuwansa toshe da waya. Na ce: "Ɗana, ja da baya." Ya ce: "Baba, mun saba." Kalmar da na yi shekaru ina faɗi ke nan.

Garaji na yi a Yamai tun zamanin Kunce. Baƙin man da muka juye daga mota, kwata muke tura shi. Ruwan sama na farko ya kwashe shi zuwa kwarin Gunti Yena da ya ratsa garin, daga nan sai kogin Isa, inda mata ke wanki, mu kuma mu sayi kifinsa da marece. Esansi da baki muke zuƙo shi ta tiyo, ga shi a lokacin akwai dalma ciki, sai 2006 aka daina sayar da irinsa a ƙasashenmu. Tsohon batir kuwa gida nake kai shi. In narka dalmar kusa da murhun uwargida, in sayar wa masunta su ɗaura a taru. Yara na rarrafe a wurin.

Wa ya hana mu? Babu. Babbar dokar kare muhalli ta Nijar sai Disamban 1998 ta fito. Turawan ma sai da hayaƙin kwal ya kashe dubban mutane a Landan a 1952 kafin suka yi doka a 1956, balle ni da ko lakkal ban gama ba. Kuma da kuɗin dalmar nan na biya haya, na yi wa ƙannena aure. Ba sata na yi ba.

Amma a 2010, da na ji a rediyo dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, har aka ce wanda ya tsira tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ban ci tuwo ba daren nan. Ɗana na biyu, wanda na sha duka don ya kasa riƙe karatu, shi ne mai zama kusa da ni yana hura mini wuta. Wataƙila haka Allah Ya yi shi. Uwarsa dai ba ta taɓa ce mini komai ba.

Ku matasa masu wannan aiki, na so in jera muku shawarwari goma, biyu suka rage. Ku bar fasa batir. In yunwa ta hana ku bari, don na san ta, to kada ya shiga gida: tufafin aiki su kwana a waje, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko yaro. Madarar da muke sha wai tana wanke ciki, ƙarya ce, ba ta fitar da dalma. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ma bai tare hayaƙin, amma ku ɗaura.

Abin da ke ba ni haushi, mu jahilci ya ci mu. Ku fa? Duniya na cikin aljihunku, ba ku neman komai sai rawa da ƙwallo. Yaron nan ko wayar bai cire daga kunne ba. Da na matsa masa, sai ya ce in ina da tsohon batir a gida, in kawo, zai saya jaka biyu.