Ranar 21 ba ta kowace mace ba ce

Na bar sashen masu neman haihuwa, amma gwajin nan na ranar 21 bai daina ci mini tuwo a ƙwarya ba. Umarnin babban likita ne: duk wadda ta zo, a ɗebi jininta ranar 21 da fara al'ada, a auna sinadarin firojestaron don a gane ko ta saki ƙwai. Muka bi, ba wanda ya tsaya tambayar mace kwana nawa ne tsakanin al'adarta da ta gaba.

Firojestaron ba ya hawa sai ƙwai ya fita. Ƙwai kuma ba ya fita sai sinadarin LH, wanda wata 'yar gaɓa mai suna fituwitari ke saki daga gindin ƙwaƙwalwa, ya yi ambaliya a jini. Ambaliyar tana jiran wani sinadarin, istirojin, ya hau ya zauna sama kamar kwana 2, kuma daga farawarta zuwa fitar ƙwai awa 34 zuwa 36 ne. Daga nan zuwa ganin jini kusan kwana 14, wannan zangon bai cika sauyawa ba. Zangon farko, daga fara al'ada zuwa fitar ƙwai, shi ne ke tsawo ko gajarta.

To, macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 35, ƙwanta na fita ne wajen ranar 21, daidai ranar da muke ɗibar jinin. Sakamako ya zo ƙasa, a rubuta ba ta sakin ƙwai, a ɗora ta kan Clomid, maganin sa ƙwai ya fita, alhali lafiyarta ƙalau, ta koma gida da labarin da dangin miji za su riƙe. Ranar 28 ya kamata a auna ta, wato saura kwana 7 al'adar ta zo. Da aka kawo maganar a taro, amsar da aka bayar ita ce haka aka saba. Fayil nawa ke ɗauke da wannan kuskuren da sa hannunmu, Allah kaɗai ya sani.

Tsinken gwajin LH a fitsari, na gane lokacin fitar ƙwai, ma da nasa tarkon. Layi biyu ba ya nufin komai sai layin gwaji ya kai ɗan'uwansa duhu ko ya fi shi. Mata na karanta shi kamar tsinken ciki. A yi gwajin daga hantsi zuwa yamma, a rage shan ruwa awa 2 kafin nan. A cire 17 daga tsawon zagayen al'ada, ranar fara gwajin ke nan.

Mai PCOS kuwa, wato larurar rikicewar sinadaran jiki da ke dagula fitar ƙwai, LH ɗinta kan zauna sama, tsinke ya yi ta nuna layi ba ƙwai. Wadda aka yi wa allurar hCG, ta tayar da fitar ƙwai, ma haka.