Ranar da kantar hannuna ta ɗaye

Asabar, Aboabo, Kumasi

Da hannun hagu nake latsa wayar nan, na dama yana naɗe da bandeji.

Bayan sallar Asuba na fita filin da muke motsa jiki, inda muka kafa sandar ƙarfe a kan turaku biyu. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe unguwa, ƙarfen kuma ya ɗauki sanyi. Na shafa garin alli, na kama, na ja jikina sama sau 8 lafiya lau. A na 9 sai na ji zafi kamar an ɗosana mini garwashi. Ina dira na buɗe tafin hannu, ga kantar gindin yatsana na tsakiya ta ɗaye tana reto, faɗinta kamar ƙwayar wake, naman ƙarƙashi ja wur.

Wata 7 ke nan ina tara kantar nan, ban taɓa goge ta ba. A ganina ita ce shaidar wahalar da na sha, shi ya sa abin ya taɓa ni ƙwarai.

Akwai wani dattijo da ke zuwa filin, tsohon makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, Baba muke ce masa. Ya ce, "Ɗana, kawo hannun in gani." Ya duba, sannan ya shimfiɗa mini nasa tafin. Tauri kamar fatar kirgi, amma sumul, babu tudu ko ɗaya. Ya ce jiki ne ke yin kanta don ya kare inda ake yawan gugarsa, amma in ta yi tudu ta bushe, ƙarfe ke naɗe ta ya fizge, ya haɗa da lafiyayyar fata. Ya sa na kama sandar da hagu. Ashe ni a tsakiyar tafi nake ɗora ta, sai nauyina ya tattaro fatar ya matse ta a gindin yatsu. Ya zame mini sandar zuwa daidai mahaɗar yatsu da tafi, nan take na ji matsin ya ragu. Ya ƙara da cewa allin da ke shanye gumi shi ke busar da fata, don haka a wanke shi da an gama. Ni kuwa sai in daɗe da shi a hannu, ga alwala sau biyar, ga iskar hunturu, ban shafa komai ba.

A gida Mma ta wanke ciwon da sabulu da ruwan ɗumi, na cije leɓe. Ta tafasa ƙaramin almakashi, ta datse matacciyar fatar dab da bakin ciwon, don kada ta maƙale a wani abu ta ƙara yagewa. Ta ɗan shafa basilin ta naɗe. "Yaron nan, ga man kaɗanya cike da kwano daga Tamale, me ya hana ka?" Ban da amsa. Da Azahar shafa na yi a kan bandejin. Shinkafa da waken rana kuma da cokali na ci, don yaji ba zai raga wa wannan ciwo ba.

Bayan Isha'i na zauna da hannun hagu. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 10, har kantar ta yi fari ta yi laushi, na ɗauko dutsen da Mma ke goge kaushi da shi, na bi ta a hankali. Baba ya ja mini kunne kada in sa reza, kada kuma in goge ta duka, a dai daidaita ta da sauran fata. Ina yi ina shafawa da babban yatsa har na daina jin tudu. Sannan na murza man kaɗanya a tafina har ya narke. Da dare kawai za a riƙa shafa shi, don hannu mai maiƙo ba ya riƙe ƙarfe.

Ni da sanda sai ciwon ya rufe, mako guda ko fiye. Gobe gudu zan yi zuwa filin wasa na Baba Yara in dawo.